Don Ta Faɗi Gaskiya Aka Mayar da Ita Ƙarshen Layi

Wai wane irin asibiti ne gaskiya ke zama laifi a cikinsa? Mutum ya kwana bai runtsa ba, kunci ya kumbura, kunne na sara, ruwan sanyi ma ya gagari bakinsa, gari na wayewa ya lallaɓa ya tafi wurin likitan haƙori. A miƙo masa takarda, ko ma'aikaciya ta shiga jero masa tambayoyi: akwai hawan jini? Akwai ciwon suga? Akwai cuta mai karya garkuwar jiki? In ya murje ido ya ce babu, sai a ce bismilla, hau kujera, buɗe baki. In kuwa ya ji tsoron Allah ya ce e, ina ɗauke da ita, ina ma kan magani, to daga nan sai a shiga shirga masa ƙarya. Wai inji ya lalace. Wai likita ya fita. Wai ya je babban asibiti, can ne ake da kayan "irin wannan aikin". Wane irin aiki? Ruɓaɓɓen haƙori ne fa, irin wanda aka wuni ana cire wa mutane a kan wannan kujerar.

Duk wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san ba ciwo ba ne da ake ce wa dawo mako mai zuwa. Dattijo da furfurarsa yakan dafe kunci ya yi ta zagaye tsakar gida cikin dare. A wannan halin ake juya bawan Allah, a sa shi yawon asibitoci da kuɗin motar da ba shi da su, don kawai bai yi ƙarya ba. Kuma kada ka ɗauka labarin a kansa yake tsayawa. Masu karɓar magani suna haɗuwa a layi, suna hira, suna ba juna shawara. Wace shawara kake jin za su ba juna bayan wannan? "In ka je, ka kama bakinka." Da hannunmu muke koya wa mutane ɓoye abin da likita ya fi kowa bukatar sani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tsoron nan ko lissafi babu a cikinsa, alhali masu yin sa mutane ne da suka share shekara shida suna karatun likitanci. Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018, aka fitar da sakamakonsa a Maris ɗin 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV, jimillar masu ita a ƙasar kuma kimanin miliyan 1.9. A Arewa maso Yamma adadin ya gaza haka, kashi 0.6 ne. Duk da haka likitan da ke buɗe bakin ɗaruruwan mutane ya riga ya sa hannu a bakin masu ita, ba sau ɗaya ba, ya sani ko bai sani ba. Akwai wanda bai taɓa gwaji ba a rayuwarsa. Akwai wanda ya kamu 'yan kwanakin nan, ƙwayar na tashe a jininsa, gwaji ma bai fara nuna ta ba. Duk waɗannan sun hau kujera, an yi musu aiki, an sallame su da fara'a. Wadda aka kora ita ce wadda ta san halin da take ciki, take haɗiyar maganinta kullum, har ƙwayar ta yi ƙasa a jininta yadda na'ura ma ba ta iya ƙirga ta. Cikin masu cutar da suka shigo ɗakin, ita ce mafi ƙarancin hatsari a gare ka, likita. Ita ka nuna wa ƙofa.

Mu ƙaddara ma tsautsayi ya faɗa, allurar da aka yi wa mai HIV ta soki yatsan likita. Ƙididdigar da aka daɗe da tattarawa ta ce hatsarin kamuwa wajen uku ne cikin dubu. Kuma akwai maganin kariya da in aka fara sha cikin awa 72, gwamma ma cikin awannin farko, aka ci gaba har kwana 28, hatsarin sai ya ƙara raguwa ƙwarai. Miyau kuwa ba ya yaɗa HIV, wannan ko ɗalibin shekarar farko ya haddace. To ga ɗaya gefen: ciwon hanta nau'in B. In irin wannan allurar ce ta soki wanda bai yi rigakafi ba, hatsarin daga shida ne har zuwa talatin cikin ɗari. Cikin ɗari fa, ba cikin dubu ba. Ƙwayarsa tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini a kan tebur ko a jikin ƙarfe. Wancan binciken na 2018 ya ce kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Rigakafinsa allura uku ce kacal. Yanzu don Allah ka shiga ɗakunan haƙorinmu ka tambayi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, tun daga likita har yarinyar da ke wanke kaya a bayan labule, wa ya kammala allurai ukun nan? An bar jaki ana dukan taiki.

Ba ji na yi ba, da idona na gani. Na taɓa raka wata yayata, 'yar ƙanwar mahaifina, wani ɗakin haƙori na kuɗi. Bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara da lalurar HIV, kuma ba ta wasa da magani. Da aka tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Ba a kore ta ba, abin da aka yi mata ne ya fi kora ciwo. Ma'aikaciyar ta ɗauki jan biro ta rubuta RVD ɓaro-ɓaro a bangon fayil ɗin, haruffan da kowane ma'aikacin asibiti ya san ma'anarsu, ta ajiye shi a kan kanta inda duk mai wucewa zai gani. Sannan ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ke sai an gama da kowa." Tun hantsi muke zaune har aka kira la'asar. Benci ɗaya muke da sauran mutane amma sai da aka bar tazara tsakaninmu da su, don an ga fayil. Ni kuwa ta ƙofar da ke buɗe ina kallon aiki. Wannan ya sauka, wancan ya hau. Ɗan injin nan mai kuka da ake rarake haƙori da shi, a ciro shi daga bakin wani, a dangwalo auduga a sifirit, a shafa sau biyu, a zura a bakin na gaba. Haka aka wuni. Da layi ya zo kan Yaya, sai aka naɗe kujera da leda, likita ya sa safar hannu biyu a haɗe, aka fito da wasu tsofaffin ƙarafa daga wani kwano daban, bayan an gama kuma aka bi ɗakin da ruwan bilic tana nan tsaye ba ta ko fita ba. A hanya, auduga cushe a bakinta, ta ce da ni, "Kai dai bari, ɗan'uwana. Da na sani da na yi shiru." Na rasa abin da zan ce mata. Ƙarya zan ce ta riƙa yi, ko wulaƙanci zan ce ta riƙa haɗiyewa?

Wannan ɗan injin da ake shafa wa auduga, in an tsayar da shi yana iya zuƙo ruwan baki da jini zuwa cikinsa, inda auduga ba ta kaiwa. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a turara shi bayan kowane mutum ɗaya. Ba a yi wa mutanen da suka riga Yaya haka ba. Su ne aka jefa cikin hatsari, kuma sun tafi gida suna murna an raba su da mai cuta. Ɗakin nan ya yi mini kama da mai gidan da ya garƙame ƙofar zaure da kwaɗo uku, ya bar katangar baya a rushe.

Na san inda tsoron ya samo asali, kuma ba a nan ba ne. A 1990 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wata budurwa a jihar Filorida, Kimberly Bergalis, da ta kamu da HIV, bincike kuma ya kai ga likitan haƙorinta, David Acer, wanda ke ɗauke da cutar. A ƙarshe mutum shida daga cikin masu zuwa wurinsa aka samu da ƙwayar da ta yi daidai da tasa. Shi ya mutu a 1990, ita ta rasu a Disamban 1991 tana da shekara 23, bayan ta bayyana a gaban majalisar dokokin Amurka jikinta duk ya ƙare. Duniya ta girgiza, kuma dole ta girgiza. Amma a lura da abu biyu. Daga likita cutar ta je ga marasa lafiya, ba daga mara lafiya ta je ga likita ba. Sannan an bi sawun dubban mutanen da wasu likitoci masu HIV suka yi wa aiki a Amurka, ba a sake samun makamancin wannan ba. Ita dai hukumar ta ƙirga ma'aikatan lafiyar da aka tabbatar sun kamu a bakin aiki daga 1985 zuwa 2013, ta samu mutum 58 a faɗin ƙasar. Yawanci nas-nas ne da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ma'aikacin haƙori ko ɗaya babu a cikin waɗanda aka tabbatar. Shekara 28!

Ƙaryar "je ki babban asibiti" ma ba mu muka fara ta ba. A 1994 wata mata, Sidney Abbott, ta je wurin likitan haƙori Randon Bragdon a garin Bangor na jihar Maine. Ta rubuta a takarda cewa tana ɗauke da HIV. Ya duba, ya ga kogo a haƙorinta, ya ce shi ba ya cike wa masu wannan cuta haƙori a ɗakinsa, sai dai a asibiti, kuma ita za ta biya kuɗin amfani da asibitin. Matar nan ba ta koma gida ta yi kuka ba, kotu ta nufa. Magana ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, a 1998 alƙalai biyar cikin tara suka ce dokar kare masu naƙasa ta shafe ta ko da alamun ciwo ba su bayyana a jikinta ba. Suka ƙara da cewa in likita zai ce mara lafiya hatsari ne a gare shi, to da hujjar ilimin likitanci za a auna, ba da abin da zuciyarsa ta raya masa ba, ko da kuwa da gaske yake jin tsoron. Da aka mayar da shari'ar kotun ƙasa, ita ta sake yin nasara. An wuce shekara ashirin da biyar da yanke wannan hukunci, mu har yau muna nan muna naɗe kujera da leda.

Kwanon ƙarafa na daban kuwa, ga inda yake kai mutane. A 2013 jami'an lafiya suka shiga ɗakin wani likitan tiyatar baki a birnin Tulsa na jihar Oklahoma. Me suka tarar? Ya ware wasu kayan aiki na musamman domin waɗanda aka san suna da cuta mai yaɗuwa, kayan duk sun yi tsatsa, tukunyar turara kayan kuma an shafe shekaru ba a yi mata gwajin da ke nuna tana kashe ƙwayoyin cuta ba. Sai da aka aika wa mutum kusan 7,000 takarda cewa su zo a gwada jininsu, aka kuma tabbatar ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga wani mara lafiya zuwa wani a ɗakin. Ka ga mai ware mutane ke nan. Duk wanda ya ce maka yana da kaya na musamman don masu HIV, ya faɗa maka da bakinsa cewa bai yarda da tsabtar sauran kayansa ba. In turarawarsa tana aiki, me ya kawo kwano biyu? In ba ta aiki, me ya sa yake zura su a bakina da bakinka da bakin 'ya'yanmu?

Tun shekarun 1980 aka gama wannan magana. Ƙa'idar guda ce: ka ɗauki jinin kowa a matsayin mai ɗauke da cuta, na Alhaji da na almajiri, na wanda ya faɗa da na wanda ya yi shiru. Sabuwar safar hannu ga kowane mutum. Takunkumi da tabarau. Allura sau ɗaya, a jefa ta a akwatin da ba ta iya hudawa, ba a tsaya ana lalube da hannu biyu wajen mayar mata da murfi ba, don a nan take yawan sukar mutane. Ƙarafa a wanke, a naɗe, a sa a tukunyar turiri mai matsi, wadda ma'aikata ke ce wa otokilef, a zafin digiri 121 zuwa 134, a kuma riƙa gwada tukunyar. Wanda ya yi wannan ya kare kansa daga wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wanda bai yi ba, ko duk masu HIV na garin ya kora, bai tsira ba, mu ma bai tsirar da mu ba.

Ba kuma zan ɗora wa ƙananan ma'aikata duka laifin ba, don na san halin da ake sa su. Ƙaramin likita ya shigo aiki, a ƙirgo masa safar hannu kamar ana ba shi bashi. A ɗauke wuta, tukunya ta tsaya a tsakiyar aiki, mai asibiti ya ce man janareta ya yi tsada, a tafasa a risho kawai. Yarinyar da ke wanke ƙarafa masu kaifi da jini, da hannunta tsirara take yi, albashinta bai isa ta sayi rigakafin ciwon hanta da kanta ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ga inda za ki ruga in allura ta soke ki da yammacin Juma'a. Ita wannan awa 72 ba ta san da hutun ƙarshen mako ba. Mutumin da aka tura aiki ba kariya dole ya ji tsoro, kuma tsoron nasa a kan mara ƙarfi yake saukewa. To amma wa ya hana shi kariyar? Mai asibitin da ya iya sa tayil da talabijin a ɗakin jira, ya kasa sayen inji na biyu da za a riƙa canzawa kafin na farko ya fito daga tukunya. Da hukumomin da ke ba da lasisi, waɗanda aikinsu ne su shiga bayan labule su duba tukunya, ba su tsaya a kan takardu ba. Su ya kamata a tsare da tambaya.

Sai ka tambayi kanka, wanda aka kora ina yake zuwa? Ciwon bai bar shi ba. Zai je kemis ya sayi ƙwayoyin kashe zafi ya yi ta afawa har ƙurji ya taru a muƙamuƙi, ga shi garkuwar jikinsa na bukatar a lallaɓa ta. In ya gaji, ya nufi bakin kasuwa wurin mai filaya, wanda ba ya tambayar kowa komai, ya cire wa wannan, ya ɗauraye a ruwan roba, ya kira na gaba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Likitan da ya kore shi yana ganin ya kare al'umma, alhali ya ɗauke mutum daga wurin da ake da tukunya ya miƙa shi wurin da babu ita. Na gaba a layin mai filaya yana iya zama ɗan likitan, ko direbansa, ko mai yi masa wanki.

Ga kuma babbar asarar da ba a lissafawa. Baki na cikin wuraren da wannan cuta ke fara nuna kanta. Farin gansakuka a harshe da ganda da ya ƙi tafiya, farin zane a gefen harshe da ba ya goguwa, dasashi mai ruɓewa da zubar jini cikin gaggawa, tabo mai ruwan shuni a ganda, gyambon baki da ya ƙi warkewa. Likitan haƙori yana iya zama mutum na farko da zai ga waɗannan, tun kafin mai su ya san abin da ke faruwa da shi. Yana iya rage murya ya ce, "Malam, ina ba ka shawara ka je a duba jininka, kuma ko me aka samu akwai magani." Wannan jumla ɗaya tana iya ceton rai, ta ceci matarsa, ta ceci jaririn da ke cikinta. Ana ma da gwajin da ake shafa ɗan tsinke a dasashi, cikin minti ashirin a ga sakamako. Shi kuma wanda ya riga ya sani, likita na bukatar ya ji daga bakinsa, don wasu magungunan HIV ba sa jituwa da wasu magungunan kwantar da hankali da ake bayarwa kafin aiki, wasu kuma suna busar da baki, bushewar baki kuwa tana saurin ruɓar da haƙori. Don wannan aka sa tambayar a takarda. Don a kula da mutum aka sa ta. Mu muka mayar da ita tarko.

Kuma fa da doka. Tun 2014 Najeriya ke da dokar hana nuna wariya ga masu HIV, ta haramta hana su kulawar lafiya saboda cutar, ta haramta tona asirinsu ba da izininsu ba. Jan biron nan a bangon fayil, a kan kanta, a gaban jama'a, tona asiri ne. Akwai hukumar NACA mai yaƙi da cutar, akwai hukumar MDCN mai ba likitoci da likitocin haƙori lasisi, mai kuma ikon ladabtar da su. Amma wa zai kai ƙara? Bazawarar da ke tsoron maƙwabta su ji su hana 'ya'yansu wasa da nata? Masu wulaƙancin sun san ba za ta iya ba, shi ya sa suke yi hankali kwance.

To mu da ba mu da abin ɓoyewa, mu za mu buɗe baki tun kafin a ce mu buɗe. Ranar da ka hau kujerar nan, ka ce a yage ledar ƙarafan a gabanka. Ka tambaya ko injin da za a sa maka ya shiga tukunya bayan wanda ya sauka. Ka kalli hannun likita ka ga ko sabuwar safa ya zaro. In ka ga an bar wata baiwar Allah a ƙarshen benci tun hantsi alhali ta riga ka zuwa, ka tashi ka tambayi dalili da babbar murya, ka ce ba za ka shiga ba sai ta shiga. In suka ɓata rai, ka karɓi kuɗin katinka, ka rubuta sunan wurin da ranar, ka aika wa MDCN.